Daga bakin tekun Bonny zuwa dam ɗin Lamingo: wa ke da lokacin kallon tsuntsu?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da sanyi. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau dai na ce bari in fito da ita kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Da yawanku kun san shekara huɗu na yi a tsibirin Bonny na jihar Ribas ina aikin walda, sai bayan Babbar Sallah na dawo gida gaba ɗaya. Kafin tafiyar nan, ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne dam ɗin Lamingo da ke nan Jos. Ɗakin da na kama a can Bonny yana dab da inda masunta ke ɗaure kwalekwalensu. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, in fito da asuba in tarar ruwa ya cika har gindin gidaje, kafin azahar ya janye ya bar taɓo baƙi ƙirin fili guda, kwalekwale duk suna kwance a ƙasa. Maƙwabcina wani dattijo ne masunci, Baba nake ce masa. Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani: sau biyu ruwan ke cika, sau biyu yake janyewa tsakanin yini da dare, kuma kullum yana jinkirtawa da kusan minti 50. Idan wata ya tsaya, ko ya kai daren sha huɗu, cikar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. Mutanen wurin ba ka jin sun ce ƙarfe kaza za mu fita, sai dai su ce in ruwa ya dawo. Mata masu tsintar ƙananan dodon koɗi a taɓo da wannan lissafin suke kwana, masu kai kaya kasuwa ma haka.

To idan ruwan ya janye, nan kallo yake. Ƙaguwa ba iyaka, mazansu da hannu ɗaya ƙato suna ɗaga shi sama. Ga wani kifi mai idanu a tsakar ka da ke fitowa ya yi ta tsalle a kan taɓo. Ga zalɓe tsaye cik ba ya ko motsi, ga wasu farare masu kama da balbela amma sun fi ta tsawon wuya. Akwai wani tsuntsu ruwan ƙasa mai dogon baki lanƙwasasshe, yana zura bakin cikin rami ya zaro ƙaguwa. Shi ba kullum ake ganinsa da yawa ba, sai lokacin da mu nan ake hunturu. Can sama kuma gaggafar ruwa mai farin kai, wadda in ta yi kuka sai ka ji har tsakiyar kanka. Duk ranar da ba ni da aiki, nan nake zama kusa da Baba yana gyaran koma, yana faɗa mini sunan kowanne da yarensu.

Abin da ya sa na kawo maganar: makon jiya ɗana na aji uku ya zo da karin magana daga makaranta, wai ungulu ba ta jewar banza. Ya ce Baba, mece ce ungulu? Na ce gobe zan nuna maka. Na ɗauke shi a mashin muka je kwata, inda muna yara suke cika rufin kwano ba masaka tsinke. Wallahi ko ɗaya ban gani ba. Na tambayi wani mahauci, ya ce ai an daɗe. Jikina ya yi sanyi. Na je garin wasu na haddace tsuntsayensu, namu sun ɓace ban ma sani ba.

Shawarata ita ce mu riƙa ɗaukar yaranmu ko sau ɗaya a wata, ranar Asabar da sassafe, mu fita bayan gari su ga abin da ya rage. Me kuka gani?

Alhaji Mai Dankali:
Wa alaikumus salam. Malam, barka da dawowa, Allah Ya sa an dawo a sa'a. Amma gaskiya ana ta kai wa ke ta kaya? Ranar Asabar da sassafe ina kasuwar Farin Gada ana sauke buhuna. Mutum bai gama da kuɗin makaranta da na mai ba, ka ce ya je ya tsaya kallon tsuntsu? Wannan aikin Turawa ne da waɗanda suka ƙoshi. Ka yi haƙuri, ni dai haka na gani.

Maman Ummi:
Alhaji, ba a ce a rufe kasuwa ba ai. Ni shekara 16 ina koyarwa a firamare, kuma abin da Ɗan Gangare ya faɗa ina ganinsa kullum. Ka ce wa yaro ya zana gauraka, sai ya tsaya yana kallonka. Carki, jinjimi, borin tinke, duk sun zama kalmomin jarrabawa kawai. Amma ka nuna masa hoton zaki ko raƙumin dawa a waya, nan take zai faɗa maka sunansa da Turanci. Ni ina goyon baya.

Alhaji Mai Dankali:
Hajiya, ga gidan namun daji nan a Tudun Wada tun zamanin Gwamna Gomwalk. A kai su can da Sallah su gani, magana ta ƙare.

Ɗan Gangare:
Alhaji, na kai su, kuma wurin yana da amfaninsa, tun 1972 yake yi wa garin nan hidima. Amma dabba a keji daban, dabba tana harkar gabanta daban. Kuma kan maganar masu ƙoshi, bari in gaya maka, Baban da nake ba ku labari bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba, wata rana ma sai an sayar da kifin safe ake ɗora tukunya a gidansa. Amma ban taɓa ganin mai kallon tsuntsu kamarsa ba, don abincinsa na wurin. Idan ya hango fararen tsuntsayen nan masu wutsiya kamar almakashi sun taru suna faɗawa ruwa, ya san ƙananan kifi sun taso, manya na bin su a ƙasa, sai ya ce wa 'ya'yansa su nufi can. Kakanninmu manoma fa? Wa ya koya musu cewa in shamuwa ta sauka a gari a fara gyaran gona? Ba Bature ba ne.

Kawu Direba:
Wannan gaskiya ne. Mahaifina a ƙauye ba ya taɓa fitar da iri sai ya ga shamuwa ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gida. Kuma ba mai taɓa ta, ko yaro mai ƙiriniya ya san ba a harbin shamuwa da danƙo.

Ni ma na sha kai kaya Onne da Fatakwal. Abin da ba na mantawa shi ne warin wurin in ruwa ya janye, da sauro. Ɗan Gangare, ka faɗi daɗin ka bar wuyar.

Ɗan Gangare:
Kawu, wuya kam akwai ta. Gishirin iska yana cin ƙarfe kamar gara, ƙofar da na yi wa walda bana baɗi ta yi tsatsa. Ruwa ya kewaye ka ta ko'ina amma na sha sai ka saya. Ruwan sama kuwa sai ya kwana uku bai ɗauke ba, kaya su yi fumfuna a cikin akwati. Ga kewar tuwo da ɗanyen tumatir irin namu, don a lokacin duk abin da aka kawo daga Arewa sai ya hau jirgin ruwa kafin ya iso, kuɗinsa ya ninka. A farkon 2020 kuma na ga abin da ya tayar mini da hankali: matattun kifi birjik a bakin teku, tun daga wajenmu har gaɓar jihohin maƙwabta. Baba ya yi kwanaki bai fita ba, ya hana iyalinsa ci. Wasu kuwa suka kwasa suka yi banda. Ranar na gane cewa mutumin bakin ruwa ba shi da rumbu, ruwan ne rumbunsa.

Ɗalibar Jami'a:
Sannunku iyayena. Ina karanta ilimin dabbobi a Jami'ar Jos, ku ba ni dama in sa baki.

Kawu Ɗan Gangare, tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki da ka ce sai lokacin hunturu yake yawa, baƙo ne. A can arewacin duniya yake ƙwai, ƙasashe irin su Aisilan da Rasha, in sanyi ya matso ya taso zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Waɗanda ke tasowa daga Aisilan an sa wa wasunsu na'ura an bi sawunsu, aka ga suna keta teku kwana huɗu zuwa biyar ba su sauka ba. Kuma wasu 'yan'uwansa ƙanana suna sauka nan Jos. Ka je bakin kududdufan da aka haƙi kuza wajen Rayfield ko Bukuru tsakanin Oktoba da Maris, za ka ga wani ɗan tsuntsu yana bin gefen ruwa yana kaɗa gindi sama da ƙasa. Shi ma daga Turai yake. Shamuwa kuma da Kawu Direba ya ambata, in damina ta wuce a nan kudancin Afirka take tafiya ta riski damina a can, shi ya sa dawowarta ke zuwa tare da ruwa.

Maganar ungulu ba a Jos kaɗai ba ce. Irin wadda muka sani a kwata, tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. A ƙasar nan babban abin da ya cinye ta shi ne kamawa ana sayar da kai da ƙafa da gashinta ga masu tsibbu, sai kuma guba da ake sa wa a mushe. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, to in ana kashe manya ta ina za ta farfaɗo? Alhaji, wannan ya shafi kasuwa ma, don aikin kwashe mushe da ƙazantar kwata da take yi kyauta yanzu ya koma hannun karnuka da ƙudaje.

Alhaji Mai Dankali:
'Yata, Allah Ya yi albarka, na ƙaru. Kwana biyar a sama ba sauka? Ikon Allah. Amma har yanzu ban ga yadda kallon da yarana za su yi zai dawo da ungulu ba.

Ɗalibar Jami'a:
Ba zai dawo da ita gobe ba, Baba. Amma yaron da ya san ta da rai, in ya girma ya gan ta a shanye a kasuwar magani zai ji wani abu. Wanda bai taɓa ganinta ba ko a jikinsa.

Malam na Rikkos:
Assalamu alaikum. Na biyo maganar tun daga farko. Alhaji, ina ganin kada mu ba Turawa abin da yake namu. A Suratul An'am aya ta 38 an gaya mana cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar mu. A Suratul Mulk kuma tambayarmu aka yi, ko ba mu ga tsuntsaye a samanmu suna buɗe fukafuki suna rufewa ba. Wanda aka ce masa ya duba, in ya duba bai yi zaman banza ba. Sharaɗi dai kada a bar salla, kada a bar neman halali.

Ina da tambaya ga Malam Ɗan Gangare. Bidiyon da ke yawo lokaci lokaci na wani ƙaton kifi da ruwa ya turo gaɓa a Bayelsa, mutane sun hau kansa da adduna, ka taɓa ganin irinsa?

Ɗan Gangare:
Allah gafarta Malam, mai rai ban gani ba. Amma akwai wani gandun daji a Finima, nan cikin tsibirin, an ajiye ƙasusuwan irinsa a wurin. Na tsaya kusa da su na rasa abin cewa, ƙashi ɗaya ya fi ni tsawo. A gandun ne kuma na ga birai suna bin reshe a sake ba keji. Abin da na gani da rai a ruwa su ne dolfin, wasu manyan dabbobin ruwa masu kama da kifi. Wata safiya muna cikin jirgi wajen bakin mashiga suka fito su biyar ko shida, suna tasowa suna nutsewa tare. Mai tuƙi ya rage wuta don mu gani. Wata mata da ke kusa da ni, da kwandon jatan lande a cinya, ta ce ita tun tana yarinya take ganinsu amma har yau in sun fito sai ta bar abin da take yi.

Ɗalibar Jami'a:
Malam, wancan na bidiyon ba kifi ba ne a halitta, ko da yake a ruwa yake. Da huhu yake numfashi, ta wata kafa a saman kai, kuma uwar haihuwa take yi ta shayar da nono. Akwai wani irinsu masu doro, sukan kai mita 15. Daga ruwan sanyi na can ƙarshen kudancin duniya suke tasowa zuwa tekunmu, wajen watan Agusta zuwa Oktoba, su haihu a ruwa mai ɗumi su koma.

Malam na Rikkos:
Madalla. Ta fuskar hukunci dai, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, ko da an tsince shi matacce. Sahabbai ma a wata fita ƙarƙashin Abu Ubaida yunwa ta kama su, teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar, suka yi kwanaki suna ci. Sai dai halaccin abu bai hana a duba lafiyarsa ba. Abin da ba a san me ya kashe shi ba, a ruwan da mai ke malala, mai hankali zai yi taka tsantsan.

Anti Ladi Bukuru:
Salama gare ku duka. Ina ta karantawa ina jin daɗi. Amma ku mutanen cikin gari kuna magana kamar sai an je teku ake ganin abin mamaki. Ni 'yar Qua'an Pan ce. A tafkin Pandam akwai dorina, akwai kada, har da ayu. A jihar nan tamu! Ga dutsen Wase kuma, inda kwasakwasa ke zuwa yin ƙwai a can ƙololuwa. Nawa ne cikinmu suka taɓa zuwa? Ni da na girma kusa da tafkin ban taɓa ganin ayu da idona ba, sai dai masunta su nuna maka ciyawar da ya ci a gefen ruwa. Amma ina aikin jinya a nan, kullum sai na ji mata suna zancen man ayu.

Basarken Yawuri:
Anti, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni a Jos nake sayar da kifi banda, amma gidanmu sarkanci ne kaka da kakanni a bakin kogin Kwara. Kakana ya kama ayu, na ji daga bakinsa. Ya ce ba kowane masunci ke tunkararsa ba, sai wanda ya gada, kuma akan yi shekara ba a kama ko ɗaya ba. Dabba ce mai kunya, galibi ciyawa take ci, ba ta cizo ba ta faɗa. Ɗa ɗaya take haifa, ta yi ta fama da shi tana shayarwa. To ku duba yawan kwalaben man ayu da ke tashoshin mota da shafukan masu kayan mata. In duk na gaske ne, ai da tuni ba sauran ayu ko ɗaya daga Yawuri har Binuwai. In kuma na ƙarya ne, an cuci mai saye. Ko ta ina ba riba. Abin da ke ba ni takaici, neman da ake yi ne ke sa wanda bai gada ba ma ya ɗana tarko.

Maman Ummi:
Wannan magana a kai ta zauren mata. Da yawa ba su ma san dabba ce ake kashewa ba, sun ɗauka wani itace ne.

Ɗan Gangare:
Tunda an zo nan, bari in ba ku labarin da har yau ban gama warware shi a zuciyata ba. Wata rana 'ya'yan Baba suka dawo da kunkurun teku a cikin kwalekwale, ya faɗa komarsu ya yayyaga ta. Girmansa ya kai faifan injin niƙa sau biyu, mutum biyu ne suka sauke shi. Yana kwance a rairayi, ruwa na zuba daga idonsa kamar hawaye. Nan take masu saye suka taru. Ni kuwa na kasa tafiya. Na tambayi kuɗin gyaran koma, na cire daga aljihuna na ba su, na ce a mai da shi. Suka yi ta mamaki, amma suka mayar. Na ga lokacin da ya taɓa ruwa, dabbar da ke jan ciki da kyar ta wuce kamar kibiya.

Bayan wata biyu aka sake kamo wani. Wani yaro ya zo har wajen aikina wai in zo in saya. Ranar ba ni da kuɗi. Aka yanka shi.

Alhaji Mai Dankali:
Ka ga abin da nake faɗa. Tausayi da kuɗi yake tafiya. Mutumin da komarsa ta yage, 'ya'yansa na jiran abinci, wa zai ce masa ya saki nama? Ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Ɗan Gangare:
Ni ma ban ga laifinsu ba, Alhaji. Na ci abinci a gidansu, na san yadda suke.

Ɗalibar Jami'a:
Kawu, niyyarka mai kyau ce, amma masu aikin kare waɗannan dabbobi suna gargaɗi a kan saye don a saki, saboda abin da ya faru da kai: in aka san akwai mai biya, kamun ya zama sana'a. Abin da ya fi aiki shi ne a taimaka wa masunci da gyaran koma a tsare, ta hannun shugabanninsu, kuma a ɗauki mutanen garin aikin gadin wuraren da kunkurun ke ƙwai. Doka ma akwai, tun 1985 aka yi dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka gyara ta a 2016. Sai dai doka a takarda ba ta ɗinke koma.

Abin da ya sa ake damuwa da su: uwar takan fito da dare ta haƙa rami a rairayi ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe ta koma. Sai bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito su ruga ruwa, kuma kaɗan ne ƙwarai ke kai girma. Wadda ta rayu sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta fara ƙwai, kuma yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komawa. Ruwan idon da ka gani kuwa gishiri ne take fitarwa daga jiki.

Basarken Yawuri:
'Yar'uwa, kin burge ni da kika ce ta hannun shugabanni. Mu a wajenmu Sarkin Ruwa in ya ce an rufe wuri kaza sai baɗi, an rufe ke nan, ba ɗan sanda ba kotu. Argungu ma ai haka ake yi wa kogin Matan Fada, ana hana su a wurin sai lokacin biki, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwa. Masunci ya fi kowa sanin cewa in ka kwashe uwa da ƙwai, kai za ka yi kuka baɗi. Yunwa ce da ragar sauro da ake su da ita yanzu suka ɓata lissafi.

Ɗan Gangare:
Haka Baba yake cewa game da itatuwan nan masu saiwa a waje da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda ake kira mangurof. Ya ce nan ne ɗakin haihuwar kifi da jatan lande. Amma da itacen ake banda, da shi ake girki, ga man da ke malala ya kashe wasu. Ga kuma wani kaba baƙo da aka kawo Kalaba a 1906 yana ta cinye wurinsu, shi kuwa kifi ba ya samun mafaka a gindinsa kamar na asali. Matar Baba da kanta take saran itacen, tana sara tana cewa ta san illar. Me za ta hura?

Kawu Direba:
Kamar mu da gawayi ke nan. Kowa na zagin masu sare daji, kowa na saye.

Maman Ummi:
To mu dawo kan shawara kafin dare ya yi. Ina za a fara kai yaran? Ni dai ina da sharaɗi ɗaya: ban yarda a kai su bakin kududdufan kuza ba. Ruwan nan ba shi da gaɓa, taku ɗaya ne ka zurma. Unguwarmu mun yi rashin yaro a irinsa, har yau uwar ba ta dawo daidai ba.

Anti Ladi Bukuru:
Gaskiyarki Maman Ummi. Mun sha karɓar irin waɗannan a asibiti, mafi yawa an riga an makara. In za a je kusa da ruwa, kowane babba ya riƙe yara biyu kacal, kuma daga nesa.

Ɗalibar Jami'a:
Akwai wurin da ya fi dacewa. Dajin Amurum da ke Laminga, kamar kilomita 15 daga cikin gari. Nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ke aiki da jami'armu, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka daban daban su yi digiri na biyu. An ƙirga tsuntsaye kusan iri 300 a ɗan dajin nan. Akwai wani ɗan ja da ke zama cikin duwatsu, sai a 1998 masana suka tabbatar cewa irinsa daban ne, kuma a tsaunukan nan namu aka gano shi. Akwai kuma wani baƙi mai sheƙi da ke ɗauke da sunan Filato, wanda ba ya sheƙa, sai macen ta saka ƙwanta a sheƙar jan nan ya rene mata, namijin kuma yana kwaikwayon kukan mai renon. Mutane na biyan kuɗin jirgi daga Turai don su ga waɗannan biyun. Sai dai wurin bincike ne, ba a faɗa masa haka kawai. Zan tambayi malamanmu yadda ake neman izinin kai yara.

Alhaji Mai Dankali:
Laminga dai da nake wucewa? Shekara 30 ina garin nan ban taɓa jin wannan ba.

Malam na Rikkos:
Ni ma haka, Alhaji. Ina da almajirai manya guda huɗu masu natsuwa, in an samu izini zan so su bi ku. Sai dai a duba yanayin hanya, a kuma sanar da mai unguwar wurin kafin a je. Garin nan mun san halin da muke ciki, baƙi da yawa da sassafe a bayan gari ba sanarwa ba dabara ba ce.

Anti Ladi Bukuru:
Wannan ku bar mini, Malam. Akwai abokiyar aikina 'yar yankin, zan yi mata magana ta haɗa mu da dattawansu. Zan zo da yarana biyu da akwatin magani.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai jama'a. Kafin izinin ya fito, ni Asabar mai zuwa zan fita da nawa wajen Lamingo, daga kan hanya za mu tsaya, ba za mu sauka bakin ruwa ba. Ƙarfe shida da rabi, don da rana ta ɗaga tsuntsaye sun yi shiru. Ina da madubin hangen nesa guda ɗaya da na saya a Fatakwal, yara za su karɓa bi da bi. A sa musu rigar sanyi mai duhu, kowa ya zo da littafi da fensir. Wanda ya san sunan tsuntsu da Hausa ko Birom ko Afizere ko Angas, a rubuta duka.

Basarken Yawuri:
Na ruwa ku bar mini su, kirinjijiya da ɗinya da kazar ruwa duk na san kukansu tun kafin in gan su.

Alhaji Mai Dankali:
Ni dai ba zan samu zuwa ba, kasuwa ba ta jira. Amma ƙaramar motata tana nan, yaron shagona zai kawo ta da mai a ciki. Ku tsaya ƙofar gida ku ɗauki Abba da Walida. Ɗan Gangare, in kun ga shamuwa a ɗauko mini hoto.

Kawu Direba:
Alhaji, shamuwa a watan Nuwamba? Ta yi kudu tuni. Sai wajen Afrilu in Allah Ya kai mu.

Maman Ummi:
Mota ɗaya ba za ta ishe mu ba, na ƙirga yara 11 yanzu. Wa ke da wata?